Kafin Ka Sayi Injin: Yadda Kamfanoni Ke Auna Aikin Jari Mai Dogon Zango

Bayan sallar la'asar ne wani dattijo, ɗan kasuwar hatsi a Zangon Dapaong, ya zaro takardu biyu daga aljihun babbar rigarsa ya miƙo mini. Ta farko farashin injin tatsar man waken suya ce daga wani dillali a Lome. Ta biyu kuwa lissafin dillalin ne, wanda ya nuna wai cikin shekara biyu injin zai mayar da kuɗinsa.

"Ɗana, kai da ka yi boko, duba mini. Gaskiya ne?"

Na ce, "Baba Alhaji, tarawa da ninkawa duk daidai suke. Amma wata nawa ya ce injin zai yi yana aiki a shekara?"

Muka duba tare. Wata 12 ya rubuta, kwana 26 a kowane wata. Ba ɗaukewar wuta, ba ƙarewar wake, ba ranar zaman jiran makaniki daga Kara. Alhaji ya yi dariya, ya ce ko jakin da ya yi fatauci da shi yana saurayi bai taɓa yin irin wannan aiki ba.

Abin da muka yi a kan tabarmar nan da biro da kalkuleta har aka kira magariba, shi ne abin da manyan kamfanoni ke yi da kwamfuta a ɗakin taro mai sanyi. Sifili ne kawai ya fi yawa a nasu. Zan bi da mai karatu ta hanyar da muka bi. Alƙaluman injin da zan kawo misali ne na koyarwa, na daidaita su don lissafi ya yi sauƙi, kowa ya sa nasa a gurbinsu.

Da farko kamfani yakan rubuta duk kuɗin da zai fita kafin a tatsi ko cokali ɗaya na mai. A nan mutane suka fi yaudarar kansu, domin farashin inji kaɗai suke riƙewa a kai. A ce injin sefa miliyan 30 ne. Dako daga tashar jiragen ruwa ta Lome zuwa Dapaong, tafiyar fiye da kilomita 600, da kuɗin duwan da na masu kafawa, miliyan 6. Fili da gini da sito, miliyan 9. Jawo wuta da sayen janareto, miliyan 5. An kai miliyan 50 ke nan, kuma har yanzu babu ƙwayar wake ko ɗaya a sito.

Wannan na ƙarshe shi ne ramin da ya fi cinye masu ƙananan masana'antu a yankin Savanes. Damina ɗaya gare mu, kaka ɗaya. Wanda bai sayi wakensa da kaka ba, lokacin da buhu ke araha, da bazara zai saya da tsada a hannun waɗanda suka ɓoye, in ma ya samu, don masu fitar da waken suya zuwa Turai da masana'antun Adetikope suna kwasa tun daga bakin gona. Saboda haka sai an ware kuɗin juyawa, a ce miliyan 20, waɗanda za su kwanta a cikin buhuna wata da watanni. Jarin gaskiya miliyan 70 ne. Dillalin Alhaji 36 ya rubuta.

Daga nan sai a lissafa abin da zai shigo, kuma kamfanoni tsabar kuɗi suke ƙirgawa, abin da ya shiga akwati ko asusun banki. Ribar da akanta ya rubuta a littafi tana iya zama bashi ne a hannun 'yan sari da ba su biya ba tukuna, kuma ba a biyan albashi da ita. A misalinmu, kowane watan da injin ya yi aiki, bayan an cire kuɗin wake da wuta da jarkoki, mai da dusar da ake sayar wa masu kiwon kaji da zabi suna barin miliyan 3. In ya yi wata 10, miliyan 30 ke nan. Akwai kuma kuɗin da ke fita ko injin ya yi aiki ko bai yi ba, wato albashi, mai gadi, gyara, inshora, da haraji (na dunƙule shi a ciki don sauƙi, amma a sani harajin ribar kamfani a Togo kashi 27 cikin 100 ne, kuma hukumar haraji, OTR, ba ta mantuwa). A ce duka miliyan 12. Abin da ya rage a hannu miliyan 18 ne a shekara. Mu ɗauka injin zai yi shekara 8, bayan nan a sayar da shi miliyan 5, kuɗin juyawa miliyan 20 su dawo.

Akwai doka ɗaya da ake kiyayewa a wannan mataki: abin da aikin ya ƙaro kaɗai ake rubutawa. In sitonka ne za a sa injin a ciki, kada ka ce kyauta ne, rubuta hayar da da ka karɓa. In kuma ka riga ka kashe miliyan 2 wajen tafiye-tafiyen duba inji, waɗannan sun tafi, ko ka saya ko ka fasa, don haka ba su da wuri a lissafin.

To, miliyan 18 sau 8, a ƙara 25, ya ba da 169. A cire 70, saura 99. Da Alhaji ya ga wannan adadi sai ya gyara zama. Na ce masa ya dakata.

Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma duk ilimin auna jari a kan wannan magana ya tsaya. Miliyan ɗin da za ka karɓa nan da shekara 5 ba ɗaya yake da wanda ke hannunka yau ba. Na yau za ka iya juya shi, ka sayi masara da kaka ka sayar da damina, ka sake, ka kuma sakewa. Na gaba kuwa zaman jira yake sa ka, ga tsadar kaya tana cinsa, ga shi ba ka da tabbacin zai zo. Shi ya sa kamfani ke zaɓar wani kaso da zai riƙa zaftare wa kuɗin kowace shekara mai zuwa, don ya mayar da su darajar yau.

Yaya ake zaɓar kason? Ana duba inda kuɗin suka fito. In rabi bashin banki ne da ake biyan kashi 10 a kansa, rabi kuma na masu kamfani ne da ba za su yarda da ƙasa da kashi 20 ba tunda su ne ke ɗauke da asara, tsakiyar ta zama 15. Wanda zai ci bashi a ƙananan cibiyoyin lamuni sai ya ɗaga nasa sosai: a 2014 hukumomin kuɗin sefa suka sa iyakar kuɗin ruwa kashi 15 ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan cibiyoyin. Da bashin kashi ashirin da wani abu ba a kafa masana'anta, sai dai a yi saye da sayarwa.

A nan Alhaji ya tsayar da ni ya ce, "Wannan ba lissafin riba irin ta haram ba ne?" Tambaya ce mai kyau, kuma hukuncin cin bashi da ruwa na malamai ne. Amma zaftarewar da muke yi a takarda ba wanda aka ranta wa kuɗi a cikinta. Kwatanci ne tsakanin kasuwanci biyu: in ka bar miliyan 70 a cinikin hatsin da ka sani, nawa suke kawo maka a shekara? In kashi 15 ne, to injin sai ya fi haka kafin ya cancanci ka kwashe kuɗinka ka ɗaure su a ƙarfe. Masu tsara kuɗi bisa shari'a ma suna wannan awo. Gwamnatin Togo da kanta ta fitar da sukuk na sefa biliyan 150 a 2016, kuma waɗanda suka saya sai da suka kwatanta abin da zai ba su da abin da za su samu a wani wuri.

Aikin kalkuleta ba wuya. Kuɗin shekara ta farko a raba da 1.15, miliyan 18 ya koma 15.7. Na shekara ta biyu a raba sau biyu, ya koma 13.6. Haka za a yi ta yi. Na shekara ta biyar bai wuce 9 ba, wato rabi. Na ta takwas 5.9. Miliyan 25 ɗin nan na ƙarshe da ya yi kama da babban kuɗi, darajarsa a yau 8.2 ce kacal. In aka tara duka, ana samun kusan miliyan 89. A cire jari 70, saura 19. Wannan saura ita ce rarar darajar yau, wadda akantocin da suka yi karatu da Faransanci ke kira VAN, na Najeriya da Gana kuma NPV. In ta haura sifili, aikin ya fi abin da kuɗin za su samu a wani wuri. In ta gaza, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Miliyan 99 dai ya zama 19.

Akwai awo na biyu, TRI ko IRR, wanda ke amsa tambayar da masu kuɗi suka fi so: kashi nawa aikin ke bayarwa a shekara? Ana ta ɗaga kason zaftarewa har rarar ta koma sifili. A misalinmu wajen kashi 22 take komawa. Tunda 22 ya fi 15, aikin ya haye. Amma wannan awo yana da aibi, bai san girma ba. Teburin sayar da katin waya na iya ba da kashi 60, masana'anta ta ba da 22, kuma kowa ya san wanda zai ciyar da gida mai mutum talatin.

Na uku shi ne wanda kowane ɗan kasuwa ya sani tun kafin a haifi malaman jami'a: yaushe uwar kuɗi za ta dawo? A raba 70 da 18, shekara 4 ba kaɗan. Littattafan makaranta suna raina wannan awo, don bai kula da darajar lokaci ba, bai kuma duba abin da zai zo bayan kuɗin sun dawo ba. Duk da haka kamfanoni ba su bar shi ba. A 2001 malamai biyu na Jami'ar Duke a Amurka, John Graham da Campbell Harvey, suka wallafa binciken da suka yi a kan shugabannin kuɗi 392. Kimanin kashi uku cikin huɗu suna amfani da awo biyun farko kusan kullum, amma fiye da rabi suna duba lokacin dawowar jari, ƙananan kamfanoni ma sun fi riƙe shi. Ni ban ga laifinsu ba, balle a nan. Mutumin da ke kasuwanci kilomita kaɗan daga iyakar Burkina, a yankin da aka sa ƙarƙashin dokar ta-ɓacin tsaro a watan Yunin 2022, yana da hujjar tambayar shekara nawa kuɗinsa za su kwana a waje.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu yaro mai kwamfuta zai gama shi cikin rabin awa. Inda ƙwararru ke ɓata makonni shi ne girgiza lissafin, a taɓa lamba ɗaya a ga abin da zai rushe.

Mu koma kan tambayar da na yi wa Alhaji. A ce wake ya ƙare da wuri, ko wuta ta yi ta wasa da zafin watan Maris da Afrilu, ko wani ƙarfe ya karye aka yi mako shida ana jiran kayan gyara, injin ya yi wata 7 maimakon 10. Abin da ke shigowa ya koma miliyan 21, amma miliyan 12 ɗin nan ba su ragu ba, mai gadi ba ya karɓar rabin albashi don inji na barci. Saura 9. Watannin aiki sun ragu da kashi 30, kuɗin hannu sun ragu da rabi. In aka sake lissafi, rarar miliyan 19 ta koma giɓin miliyan 21. Da muka matsa lambar a hankali, sai muka ga iyakar tana wajen wata takwas da rabi da 'yan kwanaki. Ƙasa da haka, asara. Wannan lamba ɗaya ta fi duk sauran takardun amfani, don ta mayar da maganar daga boko zuwa abin da Alhaji ya fi ni sani nesa ba kusa ba: zai iya tara waken da zai ciyar da inji wata 9, shekara 8 a jere, a farashin da muka rubuta?

Ba ƙananan 'yan kasuwa kaɗai wannan ke kamawa ba. Kamfanin auduga na ƙasa, NSCT, yana da masana'antar gurzar auduga a nan Dapaong, kuma a ƙarshen 2020 kamfanin Olam ya sayi kashi 51 na hannun jarinsa. Audugar da Togo ta noma ta haura tan 130,000 a kakar 2018/2019, amma a ta 2020/2021 ba ta kai tan 70,000 ba. Injinan suna nan yadda suke, abin da za a zuba musu ne ya ragu, don manomi yana da ikon ya shuka masara ko waken suya in ya ga sun fi masa. Duk mai kafa masana'antar sarrafa amfanin gona, rabin jarinsa yana hannun mutanen da ba su sa hannu a takardarsa ba.

Saboda haka ne manyan kamfanoni ke ƙoƙarin ɗaure lambar da ta fi haɗari da yarjejeniya tun kafin su haƙa harsashi. Tashar wutar hasken rana ta Blitta, wadda kamfanin AMEA Power na Dubai ya gina aka buɗe a watan Yunin 2021 da megawat 50, ta tsaya ne a kan yarjejeniyar shekara 25, kuma kamfanin wuta na ƙasa, CEET, shi ke sayen wutar. Mai saye ya tabbata, farashi ya tabbata, rana kuwa ba ta yajin aiki. Da irin wannan takarda banki ke sakin kuɗi da ruwa kaɗan. Mai ƙaramin jari ba zai samu ta shekara 25 ba, amma zai iya samun ta kaka ɗaya da ƙungiyar manoma, da alkawarin masu gidan kaji biyu ko uku cewa za su riƙa kwashe dusa. Ya nemo su kafin ya biya kuɗin inji, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Lamba ta biyu da ake girgizawa ita ce jinkiri, kuma mutane ba su cika ganin tsadarsa ba tunda ba wanda ke kawo takardar biya. A misalinmu, in an kashe miliyan 70 amma aka yi shekara guda ba a fara aiki ba, ko don rikicin fili, ko don ba a jawo wuta ba, rarar 19 ta koma 7. Shekara biyu, ta nutse ƙasa da sifili, alhali ko ƙusa ba ta ɓata ba. Ma'adinin manganis na Nayega da ke ɓangaren Kpendjal ya isa misali. Kamfanin Keras Resources na Ingila ya yi kimanin shekara goma a kansa, ya yi bincike, ya fitar da tan 10,000 na gwaji, ya zauna jiran izinin haƙa. A 2023 gwamnati ta kafa nata kamfanin manganis, aka yi yarjejeniya Keras ya miƙa aikin, aka biya shi dala miliyan 1.7 tare da wani kaso na cinikin shekarun farko. Dutsen bai canja ba duk tsawon lokacin nan. Darasin da ke ciki ga mai sayen fili a Dapaong shi ne ya riƙe takardar mallaka a hannu kafin ya sauke bulo, domin fili ɗaya a sayar wa mutum biyu ba sabon labari ba ne a kotunan Togo.

Sai hauhawar kuɗin gini. Da aka sanar da matatar man Dangote a 2013, maganar dala biliyan 9 ake yi. Da aka ƙaddamar da ita a Legas a watan Mayun 2023, kuɗin sun kusa biliyan 20. Gaskiya an sauya wuri an kuma ƙara mata girma a hanya, amma ai haka kowane gini yake yi, ana farawa da ɗaki uku a ƙare da biyar. In hakan ta faru da Aliko Dangote da rundunar injiniyoyinsa, kai ƙara kashi 20 a kan abin da magini ya faɗa maka. A misalinmu, kashi 20 a kan miliyan 50 ɗin kafa masana'antar kaɗai ya cinye miliyan 10 daga cikin 19.

Abu biyu kuma a taƙaice. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957, don haka mai sayo inji daga Turai yana cikin sauƙin da ɗan Kano ba ya ciki. Amma dattawa sun tuna Janairun 1994 da aka raba darajarta biyu dare ɗaya, kuma mai sayar wa 'yan Bawku ya san yadda sidi ke hawa da sauka. Na biyu, kada a ɗauki kasuwar wucin gadi a shimfiɗa ta shekara goma. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe iyakarta da Benin, manyan motoci da yawa sun koma bin hanyar Lome, Dapaong, Sinkase. Wanda zai gina masauki ko gidan mai saboda wannan cunkoso, ya yi lissafi biyu, ɗaya da motocin, ɗaya ba su.

Saura maganar wa ke yanke hukunci. A kamfanin da ya san abin da yake yi, wanda ya kawo shawarar aiki ba shi ke tantance ta ba, domin duk wanda ya ƙwallafa rai a kan abu, lambobi sukan bi son ransa ba tare da ya yi niyyar ƙarya ba. Ana ba wa wani, aikinsa ya nemo inda za ta fashe. Kuma ba a cika sakin kuɗi gaba ɗaya ba, kashi-kashi ake yi, kowane kashi da sharaɗinsa. A sayi fili mai faɗi amma inji ƙarami, in shekara biyu sun yi kyau a ƙara na biyu. Bayan an fara aiki kuma akan ɗauko tsohuwar takardar a ajiye ta kusa da abin da ya faru a zahiri. Wannan mataki kusan kowa na gudunsa, don ba mai son ganin inda ya yi kuskure, amma daga nan ne kamfani ke gane cewa mutanensa kullum suna ƙara wata biyu a lissafin aiki, sai ya riƙa ragewa tun daga farko.

Alhaji bai sayi injin a shekarar ba. Ya sayi wake da kaka kamar yadda ya saba, ya kai wani kashi aka tatsa masa a injin wani da lada, ya sayar da man da dusar da hannunsa don ya ga farashin gaskiya da kuma yadda 'yan sari ke biya. Kuɗin wannan gwaji bai kai kuɗin dakon injin ba.

Kai ma in an kawo maka irin wannan takarda, kafin ka zauna da kalkuleta, nemi mutum biyu ko uku da suka yi aƙalla shekara uku da irin injin, a Kara ko Sokode ko Mango. Kada ka tambaye su ribarsu, ba za su faɗa maka ba. Roƙe su su nuna maka takardun kuɗin wuta na shekara guda, ka ƙirga watannin da injin ya ci wuta sosai, sannan ka sa wannan adadi a lissafinka.